Ma'anar Kalmar "Testimonial" Da Yadda A Ke Aiki Da Ita

Jawabi domin masu barin makaranta, da masu neman aiki, da shugabannin da a kan roƙa su yi wa wani shaida

Akwai wata kalma ta Turanci wadda kusan duk wanda ya taɓa neman aiki, ko neman shiga makaranta ta gaba, ya ci karo da ita, watau testimonial. A kan gan ta cikin sanarwar neman ma'aikata, a kan ji ta a bakin akawu sa'ad da ya ke karɓar takardu, har iyayen da ba su yi boko ba sun san sunanta, don sun ga 'ya'yansu suna kai da kawowa a kanta. Amma sanin suna dabam, sanin ma'ana dabam. Mutane da yawa su kan haɗa ta da satifiket, da reference, da credentials, su ce ai duk takardar shaida ce. Gaskiya ne Hausa ta tara su ƙarƙashin suna guda, amma ofisoshi ba su tara su ba, kuma sau da yawa mutum ya kan rasa aikin da ya isa ya samu don ya kawo wannan inda a ke son waccan.

Asalin kalmar daga Latin ne, harshen Rumawan dā. A wurinsu testis shi ne mai shaida, testimonium kuwa ita ce shaidar da ya bayar. Daga nan ta biyo ta Faransanci ta shiga Turanci. Tana da 'yan'uwa da yawa cikin harshen, kamar testimony, watau shaidar da a ke bayarwa gaban alƙali, da testament, wadda a kan kira wasiyya da ita. To, duk inda a ka ji wannan saiwa, akwai mutum mai cewa, "Na gani, na sani, na tsaya a kai." Saboda haka testimonial magana ce ta wani mutum a kan wani mutum, an zuba ta a takarda an sa hannu, domin a kai wa na uku wanda bai san shi ba. Hausar da ta fi dacewa da ita, ita ce takardar shaidar hali.

Wannan abu ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, sai dai sunan da takardar ofis. Tun kafin zuwan Turawa, almajirin da ya sauke wani littafi gaban malami ya kan karɓi ijaza, inda malamin ya ke faɗin cewa wane ya karanta littafi kaza a gabansa, ya kuma ambaci wanda shi ya karɓa daga wurinsa, har a bi silsila zuwa mai littafin. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya karɓi irin wannan daga malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru. A majalisar alƙali kuma akwai tazkiyya: in an kawo mai shaida wanda alƙali bai sani ba, sai a nemi waɗansu adilai su tabbatar da cewa mutumin kirki ne, kāna a karɓi maganarsa. Haka kuma fatake masu zuwa Gwanja saro goro, baƙo ya kan sauka gidan fatoma, fatoman nan shi ya ke tsaya masa a kasuwa har a yarda a ba shi kaya bashi. Muddin mutum yana cikin garinsu ba ya bukatar takarda, gama kowa ya san shi, ya san ubansa. Sai ya bar inda a ka san shi sa'an nan shaida ta ke bukatar ƙafafu, takarda kuwa ita ce ƙafafun.

A Ingila ma daga nan abin ya taso, amma da tsanani. A shekarar 1563, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Farko, an yi wata doka ta ma'aikata wadda ta hana bara ko ɗan ƙodago barin garinsu ya tafi wani wuri neman aiki sai da testimonial mai hatimi, wadda ta nuna ya rabu da ubangidansa na dā bisa ƙa'ida. Wanda a ka kama ba shi da ita, a kan tsare shi har ya samo. In kwana 21 ya wuce bai samo ba, sai a yi masa bulala a matsayin ɗan yawon banza. Wanda ya ɗauke shi aiki ba tare da ganin takardar ba, shi kuma tarar fam 5. Ashe ke nan da fari takardar nan ba don taimakon talaka a ka ƙago ta ba, igiya ce a ka ɗaura masa a ƙafa. Faransa ma ta yi irin nata a 1803, zamanin Napoleon, sa'ad da a ka tilasta wa ma'aikata riƙon wani ɗan littafi inda kowane ubangida zai rubuta ranar kama aiki da ranar bari, ba a soke shi ba sai 1890.

Da tafiya ta yi tafiya, barorin manyan gidajen Ingila sai su ka riƙa kiran takardar da sunan character, watau hali. Kuku ko mai shara da a ka sallama ba tare da ita ba, da wuya ya sāke samun gidan da zai karɓe shi. Inda abu ya yi daraja haka kuwa, ba a rasa na jabu. Ɓarayi su kan rubuta wa junansu shaidar ƙarya, ɗaya ya shiga gida a matsayin bara, ya gane inda kaya su ke. Don haka Majalisar Ingila ta yi doka a 1792 wadda ta sa tarar fam 20 a kan mai ba da shaidar zur game da bara, kuɗi mai yawa ƙwarai a wancan zamani. Dokar nan ta daɗe cikin littafi, sai 2008 a ka share ta.

Tare da mulkin Ingilishi kalmar ta shigo ƙasar nan, ta makarantu da ofisoshin Gwamnati da na En'e da kamfanonin ciniki. A 1954 kuwa Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya zama Firimiyan Jihar Arewa, gwamnatinsa kuma ta dage a kan cika ofisoshi da 'yan Arewa. A lokacin nan ne samari da yawa su ka fara barin garuruwansu zuwa Kaduna da Zariya, inda ba wanda ya san iyayensu, ba su da abin nunawa sai abin da hedimasta ya rubuta. Jihar ta watse a 1967, amma kalmar ta zauna, har yau makarantun firamare da na sakandare suna ba da takardar.

To, yanzu sai bambancin. Satifiket shaida ce ta abin da ya faru, wanda a ke iya ƙidayawa. Hukumar WAEC, wadda a ka kafa a 1952, in ta ba yaro satifiket, abin da ta ke cewa shi ne ya zauna jarrabawa a shekara kaza, ya ci fanni kaza da daraja kaza. Masu duba takardunsa ba su taɓa ganin fuskarsa ba, ba su san ko mai ladabi ne ko mai taurin kai ba, ba kuwa aikinsu ba ne su sani. Haka takardar gama hidimar ƙasa ta NYSC, wadda a ka fara a 1973. Testimonial kuwa daga hannun wanda ya zauna da yaron ta ke fitowa. Ita ce za ta faɗi ko yana zuwa a kan lokaci, ko an taɓa ba shi amana ya riƙe, ko ya yi shugabancin ɗalibai, ko yana zaman lafiya da abokansa. Yaro ya kan fito da satifiket mai kyau ƙwarai, takardar halinsa kuwa ta zama ba yabo ba fallasa. Wani kuma akasin haka. Mai ɗaukar ma'aikata mai hankali ya kan aje su biyu a gabansa ya duba, domin ɗaya ba ta maye gurbin ɗaya.

Bambancin da ya fi ruɗa mutane shi ne tsakanin testimonial da reference. Testimonial a buɗe ta ke. A kan miƙa wa mai ita a hannu, ya karanta, ya adana, ya nuna wa duk wanda ya ga dama. Shi ya sa ba a kan sa sunan kowa a kanta ba, sai a fara da To whom it may concern, watau ga duk wanda abin ya shafa. Reference kuwa a rufe ta ke. Mai neman aiki ba ya ɗauko ta, suna kaɗai ya ke bayarwa da adireshi. Ofishin da ya nema su za su rubuta wa mutumin, ko su buga masa waya, ko su aika masa da imel, su tambaye shi abin da su ke son sani, shi kuma ya amsa musu kai tsaye. Dalilin haka a fili ya ke. Wanda ya san mai takarda zai karanta abin da ya rubuta, ya kan ji nauyi, ya sassauta. Wanda ya san maganar tsakaninsa da ofis ce, ya fi sakin jiki ya faɗi gaskiya. Saboda wannan ne a Ingila buɗaɗɗiyar takardar ta ja baya ƙwarai, yawancin masu ɗaukar ma'aikata reference su ke nema. A Amurka, inda a ka fi cewa letter of recommendation, wata doka ta 1974 ta ba ɗalibai ikon ganin abin da ke cikin fayil ɗinsu, amma ta bar musu dama su yafe wannan iko game da wasiƙun shaida, da yawa kuwa su kan yafe, don sun san wasiƙar da mai ita bai gani ba ta fi nauyi.

Mutumin da a ke ba da sunansa, shi a ke kira referee. Kalmar ɗaya ce da wadda Hausa ta mayar rafali a filin ƙwallo, domin dukansu biyu mutum ne da a ke komawa wurinsa a ji ta bakinsa. Amma in fom ya ce a kawo referee biyu, ba mai usur a ke nufi ba, ba kuwa mai tsaya wa mutum a kan kuɗi ba. Wancan shi ne guarantor, mai lamuni, wanda in ma'aikaci ya gudu da dukiya shi za a kama. Yana da kyau dattawa su lura da wannan kafin su sa hannu, gama referee bakinsa ya ke bayarwa, guarantor kuwa aljihunsa.

Credentials kalma ce mai tara su duka. In an ce mutum ya zo da credentials ɗinsa, ana nufin ya kwaso satifiket, da takardar hali, da ta haihuwa, da duk abin da zai sa a gaskata shi. Saiwarta ma daga kalmar Latin ce mai nufin gaskatawa, da ita kuma a ke kiran wasiƙar da sabon jakada ya ke miƙa wa shugaban ƙasar da a ka aike shi. Curriculum vitae, wadda a ke taƙaitawa CV, ba ta cikin wannan sahu ko kaɗan, don mutum ne ya ke ba da labarin kansa da kansa.

Akwai kuma wata takarda tsakanin satifiket da testimonial, wadda ubangida ya kan ba ma'aikacin da ya bar aiki, ta faɗi ranar da ya kama, da ranar da ya bari, da irin aikin da ya yi, shi ke nan. A Faransa, da ƙasashen da su ka gaji tsarinta kamar Jamhuriyar Nijar, hakkin ma'aikaci ne a ba shi ita. Dokar aiki ta Kenya ta 2007 ta raba abin sarai: ta wajabta wa ubangida ba da wannan takarda, amma ba ta tilasta masa yin shaidar hali ba. Jamus ta bi wata hanya dabam, abin da ya biyo baya kuwa ya isa a tsaya a kansa. A can ma'aikaci yana da ikon neman a rubuta masa har yadda aikinsa da halinsa su ke, kotuna kuma sun ce lalle rubutun ya zama gaskiya, ya kuma zama da kyautatawa. To, ubangidan da ya sha wuyar malalaci, an hana shi ƙarya, an hana shi kushe, yaya zai yi? Sai a ka sami wani salon magana wanda masu ɗaukar aiki su ka gane. In an ce wane ya yi aikinsa kullum da cikakkiyar gamsarwa matuƙa, gwani ke nan. In an cire "kullum" da "matuƙa", ya sauko. In kuwa an ce ya yi ƙoƙari ya cika abin da a ka ɗora masa, ma'anarsa ya yi ƙoƙarin amma bai cika ba. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, don ya san abin da dattijo ya ke nufi in an tambaye shi halin mai neman aure ya ce, "To, ba laifi," ya kau da kai.

Wannan ya kawo magana kan masu rubutawa, watau hedimastoci, da shugabannin ofisoshi, da masu kamfani, waɗanda nauyin ya fi hawa kansu. Ba mai musun cewa matsayinsu da wuya. A ce ga wani akawu an sallame shi don kuɗi sun yi ta ɓacewa a hannunsa. Bayan kwana biyu sai ga kawunsa, dattijo mai mutunci, ya zo gida da dare ya ce, "Malam, yaron nan ɗanka ne. Ka rufa masa asiri, Allah ya rufa naka." Kunya ta kan sa a ɗauki alƙalami a rubuta cewa amintacce ne. Amma takardar nan ba a hannun kawun za ta tsaya ba. Za ta tafi wani gari, a karanta ta, a damƙa wa yaron ma'ajin wata ƙungiyar manoma ko kuɗin maganin wani asibiti, mutanen da ba su ji ba ba su gani ba su za su biya. Sa'an nan duk yaran kirki da za su fito daga hannun malamin nan daga baya sun yi hasara, don an riga an gane sa hannunsa ba ya da nauyi. Shaidar zur sunanta shaidar zur, ko a gaban alƙali, ko a kan takarda mai kan ofis.

Ba kuwa an ce a tona wa kowa asiri ba. Rufin asiri yana da hanyarsa wadda ba ta bi ta ƙarya ba. Shugaba yana iya ba da takardar kwanakin aiki kaɗai, ya yi shiru a kan hali. Yana iya faɗin abin kirkin da ya sani da gaske, kamar iya lissafi ko zuwa da wuri, ya bar abin da ba zai iya rantsewa a kai ba. Yana kuma iya gaya wa mai roƙo a fili cewa gara ya nemi wani. Abin da ba shi da hanya shi ne ya rubuta kishiyar abin da ya sani.

Zalunci ta ɗaya gefen ma yana nan, ya kuwa fi ɓoyuwa, don rufaffiyar shaida mai ita ba ya ganinta balle ya kāre kansa. Shugaban da ya yi faɗa da na ƙasa da shi yana iya kashe masa hanyar abinci da layi biyu. A 1994 Majalisar Dattawan Ingila, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli ta ƙasar, ta yanke hukunci a shari'ar wani mai sayar da inshora, Spring, da kamfanin Guardian Assurance. An rubuta masa mummunar shaida wadda ta taɓa amanarsa ba tare da an bincika sosai ba, ya kasa samun aiki a sana'ar. Alƙalan su ka ce wajibi ne mai rubuta shaida ya yi hattara ya tabbatar da abin da ya ke faɗi, in ya yi sakaci har ya jawo wa mutum hasara, ana iya bin sa diyya. Yau kamfanoni da yawa a Ingila ba su yarda su faɗi kome ba sai sunan aiki da kwanakinsa, don gudun ƙara. Ko wannan ci gaba ne, da sauran magana, gama ma'aikacin kirki ya rasa yabon da ya cancanta.

Shi kuma mai neman aiki, babban kuskurensa shi ne zaton girman mai shaida ya fi saninsa amfani. Ya kan bar malamin da ya koyar da shi shekara uku, ya tafi ya yini a ƙofar wani babban mutum wanda bai taɓa ganinsa ba. Abin da babban mutumin zai iya rubutawa bai wuce cewa yaron ɗan gidan mutunci ne ba, masu karantawa kuwa sun ga irinta ɗari. Shaidar uba, ko wa, ko suruki, ita ma ba a kan karɓa ba, ko da gaskiya su ka faɗa. Kada kuma a sa sunan mutum a fom sai an je an gaishe shi an nemi izninsa, an gaya masa irin aikin da a ke nema, don kada waya ta same shi ba shiri ya ce bai tuna da mai wannan suna ba. A duba sunan da ke kan takardar hali ya zama daidai da na satifiket harafi da harafi, domin Muhammadu a nan, Mamman a can, ya isa ya tsai da fayil wata da watanni. Takarda ta asali kuma ba a barin ta a ofis, kwafi a ke bayarwa, a nuna ta asalin ran ganawa a komo da ita.

Game da jabu, magana kaɗan ta isa. Dokar Final Kot wadda ta fara aiki a Arewa a 1960 ta sa ɗaurin da zai iya kai shekara 14 a kan ƙirƙiro takardar ƙarya. Girman muƙami ma ba ya hana abin fitowa: a 1999 Shugaban Majalisar Wakilai ta Tarayya, Salisu Buhari, ya sauka daga kujerarsa bayan ya amsa cewa shaidar digirin Jami'ar Toronto da ya nuna ba ta gaskiya ba ce. Yanzu kuwa da waya ta ke hannun kowa, tambayar da dā ta kan ci mako uku a gidan waya, minti biyar ta ishe ta.

Saura ma'anoni biyu na kalmar, waɗanda masu karanta jaridun Turanci za su riƙa gamuwa da su. A wasan ƙwallon ƙafa, testimonial wasa ne na girmamawa da a kan shirya wa ɗan wasan da ya daɗe yana hidima, a Ingila galibi bayan shekara 10 a kulob guda. Irinsa a ka yi wa Nwankwo Kanu a Legas a 2011. A wajen talla kuma, ita ce maganar mai saye da a kan buga yana yabon sabulu ko magani. Wannan ta ƙarshe sunan kawai ta ara, domin sau da yawa mai kayan ne ya zaɓi mai yabon, wani lokaci ma shi ya biya shi.

Wanda takardarsa ta ɓace, ko gobara ta ci, ko gara, sai ya koma makarantar da ta ba shi tun da sauran waɗanda su ka san shi a wurin. In shugaban da ya sa hannu ya tashi ko ya rasu, wanda ya gaje shi yana iya duba rajista ya rubuta sabuwa, amma ya kamata ya faɗi a ciki cewa daga littafin makaranta ya ɗauko, ba da idonsa ya ga ɗalibin ba. In kuwa makarantar ce an rufe ta, ko an haɗe ta da wata, sai a nufi ofishin ilmi na yankin a tambayi inda a ka kai littattafanta, a tafi da shekarar shiga, da shekarar fita, da lambar rajista in an tuna.